Na Kafa Wa Ɓarawo Tarko, Gemun Mai Gidan Haya Ya Rine

Assalamu alaikum Gwaggo Gudiya,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin saura kwana goma sha tara wata ya mutu. In ya mutu ban samu mafita ba, ni da kayana muna bakin titi. Ki sakaya sunana, ko da yake in mutanen unguwarmu suka karanta wannan, sakaya suna ba zai cece ni ba.

Ni malamin dabbobi ne. Shekara shida ina aiki a Sakkwato, sai aka ƙirƙiro jihar Kebbi, aka ce kowa ya koma gida, aka turo ni Jega. Kin san yadda ɗaki ya yi wuya tun daga lokacin. Waɗanda suka rasa wurin sa haƙarƙari a Birnin Kebbi duk sun gangaro nan. Wata biyu na yi ina kwana a kan bencin ofis tsakanin kwalayen allurar shanu, kafin Jibrilla, bakaniken da yake duba mini babur, ya tausaya mini ya haɗa ni da Alhaji Ɗantsoho.

Alhaji dattijo ne, mutumin Aliero, manomin albasa, mai farin gemu har ƙirji. Shi yake jan salla a masallacin ƙofar gidansa. Ɗakin da ya ba ni haya yana jikin zaure, ƙofarsa tana kallon lungu. Ciki da falo ne, amma falon kaɗai ya ba ni. Ƙuryar ya garƙame ta da ƙaton kwaɗo, ya ce tarkacen gida ne a ciki. Sharaɗinsa biyu: kada in canja kwaɗon ƙofa, kada in buga ƙusa ko guda a bango ko a ƙyaure. Mabuɗi ɗaya ya miƙo mini. Murna ta hana ni tambayar ina ɗan'uwansa.

Ga dalilin da ya sa ɗakin nan ya zame mini kamar rai. Matata Salima da 'yarmu suna can Sakkwato gidan iyayenta, wata tara ke nan. Yarinyar ta fara tafiya ban gani ba. Mun yi alkawari da surukina zan ɗauko su bayan Babbar Salla, kuma na riga na aika masa cewa na samu muhalli. Ina kewarsu, Gwaggo, ba na jin kunyar faɗa.

Aikina na fita ne. Da hantsi nake hawa babur in nufi rugagen Dangamaji ko Maiyama, sai bayan la'asar nake dawowa. Ba a yi sati uku ba na fara lura ana shiga ɗakina. Ina da rediyo mai bango baƙi, shi ne duk dukiyata bayan babur. Kullum a tashar Sakkwato nake barinsa, sai in dawo in tarar da shi a tashar Kaduna. Batir da kan yi mini wata ya koma yin kwana goma. Tabarmata takan matsa daga inda na shimfiɗa ta. Sau biyu na tsinci ɓawon albasa a ƙarƙashinta, ni kuwa a wurin mai abinci nake ci, ban taɓa hura wuta a ɗakin ba. Amma kwaɗo yana nan a kulle, ba a taɓa shi ba.

Na so in gaya wa Alhaji, sai na ji nauyi. Dattijon yana da nasa damuwar. Kusan kullum 'yan'uwansa na ƙauyen Kashin Zama suna zaure sun zo neman a taimaka musu da albasa, shi kuma yana ba su haƙuri, yana cewa ta bana ba ta yi albarka ba, hannunsa babu komai. Ban ga dacewar in ƙara masa da maganar ɓarawo ba.

Sai na kai kukana wurin Jibrilla, wanda bai taɓa rasa dabara ba, ko da ba a tambaye shi ba. Ya ce tunda an hana ni ƙusa da sabon kwaɗo, in yi tsaron da ba ya barin tabo. Ya ce in barbaɗa toka a bakin ƙofa ta ciki in ga sawun mai shiga. Na samo toka wurin mai ƙosai na tankaɗe ta lumui, na barbaɗa. Da na dawo, Gwaggo, sai na tarar an share ɗakin tas, har ƙarƙashin gado, an jingine tsintsiya a bayan ƙyaure. Tun da na shiga ɗakin bai taɓa yin tsabta haka ba.

Washegari na gitta baƙin zare daga ƙafar gado zuwa marikin ƙofa. Na dawo na tarar zaren ya tsinke an sake ɗaure shi, da ƙullin da ya fi nawa kyau. Na tara gwangwanayen madara guda bakwai na zuba tsakuwa, na jera su bayan ƙofa don su yi ƙara maƙwabta su ji. Na dawo na same su a jere bisa taga, manya a ƙasa ƙanana a sama. Jibrilla ya ce in sayo zabuwa in ɗaure a ciki, wai ba ta ganin baƙo ta yi shiru. Na sayo. Ta ɓata mini tabarma da kashi, ta cika unguwa da kuka ranar farko, rana ta biyu kuwa na tarar an zuba mata gero da ruwa a murfin kwano, tana kwance abinta.

A nan ne tsoro ya kama ni sosai. Ɓarawon da ba ya ɗaukar komai, yana shara, yana ciyar da zabuwa, ai ba abin duniya yake nema ba. Zuciyata ta ba ni ko dai iska ne, ko wani yana yi mini asiri don a kore ni daga aiki. Ta yaya zan kawo mace da jaririya ɗakin da ake shiga haka?

Dabarar ƙarshe tawa ce, kada a ɗora wa Jibrilla. Akwai wani magani mai launin shuni da muke shafa wa shanu a miki, wanda in ya taɓa fata sai ya yi kwanaki bai fita ba. Na cika kwanon sha da shi, na ɗora a kan dakalin da ke saman ƙofa ta ciki, na ɗaura masa zare zuwa ƙyaure, na ja ƙofa a hankali na kulle. Nufina duk wanda ya shiga ya fito da shaida a jikinsa, in gane shi ko a tsakiyar kasuwar Jega ne.

Na gane shi kuwa. Da na dawo kwanon yana ƙasa, ba a yi shara ba, rediyo yana tashar Sakkwato. Aka kira magariba na fita masallaci, sai ga Alhaji Ɗantsoho ya ja amawalin rawani har hanci, cikin wannan zafin da ko riga mutum ba ya son sawa. Da ya ɗago daga sujada rawanin ya zame. Gwaggo, gemun nan fari ya koma shuni tun daga leɓe har ƙirji, har da gira ɗaya. Sahun gaba duka kafaɗu suka riƙa rawa don danne dariya. Ni kuwa ban san me na karanta a sallar nan ba.

Yau kwana biyar. Bai tayar mini da maganar ba, ban tayar masa ba. Muna gaisawa kowa yana kallon ƙasa. Ya gaya wa mutane wai maganin ƙaiƙayi ya shafa. Ya daina zama a zaure, wani yake turawa ya ja salla. Shekaranjiya ya aiko Jibrilla ya gaya mini in nemi wani ɗaki kafin ƙarshen wata.

In na je na ba shi haƙuri, na nuna ke nan na san shi yake shiga, kamar na kira shi ɓarawo a fuskarsa. In na yi shiru na rasa ɗakin, kuma ban san da wane baki zan gaya wa surukina ba. Sannan har yanzu ban san abin da dattijo mai daraja irinsa yake nema a ɗakin talaka irina ba. Kuma, Allah ya yafe mini, duk lokacin da na tuna girar nan guda ɗaya sai dariya ta kuɓuce mini ni kaɗai a kan babur. Me zan yi?

Naki,
Ɗan haya mai zabuwa, Jega

Amsar Gwaggo Gudiya

Wa alaikumus salam ɗana,

Na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. To amma mu yi maganar gaskiya, domin lokaci ya ƙure maka.

Kai malamin dabbobi ne, ni 'yar manomin albasa ce, don haka bari in karanta maka abin da ka rubuta da hannunka ba ka gani ba. Ban shiga ƙuryar nan ba, amma ina da yaƙinin babu iska a ciki, babu asiri. Albasa ce. Manomi yakan ɓoye wani kaso na amfaninsa tun daga kaka har damina ta sauka, lokacin da take daraja. Albasar ajiya kuwa ba a kulle ta a manta. Duk bayan kwana biyu ko uku sai an shiga an juya ta, an tsince wadda ta fara laushi, in ba haka ba guda ɗaya ta ruɓar da sauran. Hanyar ƙuryar ta cikin ɗakinka take. Ga ɓawon da ka tsinta, ga tabarmar da ake ja a zauna a yi tsinta, ga rediyon da yake ɗebe wa dattijo kewa. Me ya hana shi gaya maka? Mutumin da yake gaya wa 'yan'uwansa hannunsa babu komai ba zai so baƙon da yake yawo rugage da ƙauyuka ya san abin da ke bayan kwaɗon nan ba.

Alhaji bai kyauta ba. Wanda ya ba da ɗaki haya ya ba da sirrin ɗakin, ba shi da ikon shiga sai da izini, ko da ginin nasa ne. Tsoron da ka ji yana da dalili. Amma kai ma ka yi wauta, kuma taka ta fi haɗari. Maganin nan da ya sami gira, saura ƙiris ya sami ido. Da ya makantar da dattijo, yau ba maganar ɗaki muke yi ba. Tarkon da ke zubo wa mutum abu a ka ba ya tambayar wa ya shigo. Gobe Salima ce za ta tura ƙofar, da goyo a bayanta.

Ga abin da za ka yi, kuma yau, ba gobe ba. Kada ka aika Jibrilla, ya isa haka. Kada ka tare Alhaji a masallaci ko a gaban kowa. Ka nemi lokacin da yake shi kaɗai, ka tafi da goro da sabulu da lemun tsami, ka durƙusa. Farkon abin da za ka tambaya shi ne lafiyar idonsa. Sannan ka faɗi gaskiya, cewa tsoro ne ya sa ka, don za ka kawo iyali, kuma da ka san uba ne yake shiga da ba ka yi ba. Kada kalmar ɓarawo ta fito daga bakinka. Kada ka kalli gemun. In dariya ta taso maka, ka tuna bencin ofis.

Ina zaton ba fushi ne ya sa ya ce ka tashi ba, kunya ce, da tsoron kada ka tona shi. To ka cire masa wannan tsoron. Ka gaya masa abin da ke ƙurya amanarsa ce a wurinka, kuma ka riƙe ta da gaske. Tsakaninsa da 'yan'uwansa kuwa ba naka ba ne. Sannan ka kawo masa mafita, domin da zarar matarka ta tare ba zai ƙara iya shiga ba, kuma ya san haka. Ku tsayar da ranakun juya albasa kana nan, ko ya fasa wa ƙuryar ƙofa ta cikin gida a toshe wadda ke cikin falonka. In ya yarda da wannan, roƙon sakata ta ciki da kwaɗo naka na kanka ba zai yi wuya ba.

Game da tsaro, ka sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo don takardunka da abin da kake ji da shi. Ka saba da matan maƙwabta ta hanyar Salima, domin idon mai zama a gida da rana ya fi gwangwani bakwai. Zabuwar kuma a yanka ta ranar da iyalinka suka iso, a kai wa gidan Alhaji cinya, tunda shi ya yi kiwonta.

Ba zan yi maka alkawarin zai janye maganarsa ba, dattijai suna da wuyar saukowa in an yi musu dariya a sahu. Amma ka duba wanda kake tsoro. Ya share maka ɗaki, ya ɗaure maka zare, ya shayar da zabuwarka. Wata da watanni kana neman mai tsare maka ɗaki, alhali kana da mai gadin da yake leƙa shi duk bayan kwana biyu, ladansa kawai labarun Kaduna, kai kuma ka rina masa gemu. In za ka je, ka sa wa rediyon sabon batir ka tafi da shi, ka ce ya riƙe har gemu ya koma fari. Kwana biyar ke nan yana zaune a cikin gida shi kaɗai, ba zaure, ba masallaci, ba mai ɗebe masa kewa.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya kawo Salima lafiya, ya sa 'yarka ta yi gudunta na farko a tsakar wannan ɗakin kana kallo.

Taka,
Gwaggo Gudiya