Wayarka Tana Wurin Mai Caji

Maigida,

Na shiga gidan maƙwabciyarmu Adila mu ƙarasa dakan yajin jego, ƙila ka riga ni dawowa. Tuwonka yana cikin kula, miyar tana ƙaramar tukunya.

Yau a wurin awo malamar asibiti ta koya mana alamun naƙuda. Da ta gama sai ta ce kowace ta kira wanda zai kawo ta asibiti ranar, yanzu-yanzu, a ga ko zai ɗauka. Wasu suka kira uwa, wasu miji, wata ma surukarta. Ni ka san ruwa ya cinye hanyar garinmu, Inna ba za ta iya zuwa ba, ni ma babu halin in je gida haihuwa. Kai kaɗai gare ni a Hadejia. Na kira ka.

Tasi'u mai caji ne ya ɗauka. Ya ce ka bar wayar tun da sassafe, kana fadama kana korar tsuntsaye daga shinkafa. Matan suka yi dariya, ni ma na taya su. Sai da na hau hanya ni kaɗai hawaye suka zo.

Ban ce ka bar wa tsuntsayen jan-baki gonar ba, ita za mu ci. Amma don Allah daga gobe ka riƙa yin cajin da yamma, ka tafi da wayar a aljihu. Haihuwar watan nan ce. Ba na so Tasi'u ya riga ka jin ina naƙuda.

Radiyya