Lambobin Bai Anastas

Plovdiv, 3 ga Afrilu

Tate,

Gaisuwa mai yawa, babana, da fatan kana lafiya, kai da Mama. Yaya gwiwar taka? Ina fatan kana shafa maganin, ba ajiye shi ka yi a taga ba.

Aiki na tafiya. Ƙungiyar manoma ta miƙa min babbar kwamfutar da ke aika musu saƙon waya idan kogin Maritsa ya fara cika. Wanda ya haɗa ta, Bai Anastas, ya yi ritaya shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Harshen da aka rubuta manhajar da shi yana da ƙananan sassa, kowanne da fayil ɗinsa, kuma tsohon ya sa wa kowane fayil lamba a gaban sunansa: wannan 10, wancan 15, wani 20. Na ga abin ba tsari, sai na mayar da su duka 20. Komai na aiki lafiya lau.

A gaishe min da Mama.

'Yarka,
Tsvetelina

Plovdiv, 19 ga Afrilu

Tate,

Ina gaishe ku da kyau. Na ji daɗi da Mama ta ce ka fara fita lambu.

Ka ji labarin ruwan a rediyo, ga abin da ba ka ji ba. Ran Litinin da safe iska ta katse wuta, kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Ashe canjin da na yi ba ya fara aiki sai ta sake tashi. Kogi na hawa, manoma dubu uku da dabbobinsu suna fadama, saƙo ko ɗaya bai fita ba. Nan take na nemo lambar wayar Bai Anastas na kira shi.

Kiran ya same shi yana ɗaure kurangar inabi. Ban gama bayani ba ya ce, "Kin taɓa lambobina ko?" Na ce na taɓa. Ya yi dariya. "Yarinya, a gidanku miya ake fara zubawa kafin a ajiye kwano?" Ya ce kwamfuta tana ɗaukar mai ƙaramar lamba da farko, domin wasu sassan a kan wasu suke tsaye. Da na daidaita su, sai ta bi jerin haruffa, sashen da ke karanto sunayen manoma ya tashi kafin wanda yake dogara da shi, ya faɗi.

Tate, mutumin nan idonsa ya kusa mutuwa, ko jarida ba ya iya karantawa. Amma a tsaye cikin ruwan sama ya jero min fayil ashirin da shida da ka, kowanne da lambarsa da dalilinsa, yana cewa "wannan ɗan rigima ne, bar shi a ƙarshe", kamar yana kiran jikokinsa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Yana faɗa ina bugawa a kwamfuta. Ƙarfe tara da minti arba'in saƙonni suka fara fita. Ruwa ya shiga fadama da azahar, ya tarar an kwashe dabbobi.

Na gaya wa shugabar ƙungiya laifina ne. Ta ce in je in yi wa tsohon godiya da kaina.

Ran Asabar na je ƙauyensu da banitsa mai zafi, gurasar nan tamu mai cuku. Ya sa na zauna na karanta masa jerin fayilolin, yana gyaɗa kai idonsa a rufe. Da na kai wani suna sai ya ɗaga hannu. "Wannan ba nawa ba ne." Na ce ni na ƙara shi ran Laraba, don saƙon ya riƙa zuwa da murya ga waɗanda ba sa iya karatu. Ya tambayi lambar da na ba shi. Na ce talatin. Ya sauke hannunsa.

"Nan ne wurinsa," ya ce. "Yanka mana banitsar."

Ka gaishe da Mama, zan zo hutun Ista.

'Yarka mai ƙaunarka,
Tsvetelina