Takardar Abincin Zuliha

Dallatu,

Ana ta cewa abincin da asibiti suka rubuta wa matarka Zuliha saboda ƙarancin jini sai mai albashi. Ban yarda ba, jiya na shiga kasuwar Ɗanbatta da takardar. Hanta da kifi kam sun fi ƙarfinmu bana, na taya na ajiye. Sauran wake ne da zogale da ƙwai. Hankalina ya kwanta.

Na tafi suna garin Kunci, sai la'asar. In mai sayen ƙwan zabi ya zo, ba shi haƙuri, a dafa wa Zuliha biyu. Gwaggonka Kulu za ta ce mai ciki ba ta cin ƙwai. Ni na ci, ga ka nan.

Abu biyar ne a takardar. Uku suna gidan nan.

Innarka