Babanka ya sake hawa gidan ruwa

Auta, Auta na, kana ina ne wayarka ba ta shiga?

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da takwarata, Allah ya tsare min ku a inda kuke. Mu nan da godiya, ƙafar nan tawa ce dai kamar yadda ka sani. Ka yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa.

Maganar babanka ce. Mantuwar nan tasa ta ƙaru, jiya ni ya kalla ya ce baiwar Allah wa kike nema. Amma gidan ruwa kam bai manta ba. Ka tuna lokacin da yake aiki can kan tudu, in zai sako ruwa sai ya buga bututu da sifana, ƙarar ta biyo kwari har famfon tsakar gidanmu, ni kuma in ce ku fito da bokitai? To yanzu kullum sai ya ɗauki sifanar nan wai gari na jiransa. Wurin da aka rufe tun kafin ka yi aure. In na faɗa masa sai ya yi dariya, wai ni me na sani a harkar ruwa ban da sha.

Ran nan na bi shi. Da na sani ban je ba. Rufin ɗakin inji ya rufta, jemagu ne fal a ciki. Babban tankin kuwa ba murfi, ruwansa kore shar, ba ka ganin ƙasansa, matakalar duk tsatsa ta cinye. Ya tsaya a bakinsa yana gaida abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, mutanen da duk mun je gaisuwar rasuwarsu. Har shiru yake yi su amsa. A hanyar dawowa na ga bututun da idona, masu tsohon ƙarfe sun yanke shi wajen gada, sun kwashe abin da ya fi tsawon gidan nan.

Yau ina sallar azahar ya zare sakata ya fice. Kawunka da maƙwabcinmu mai walda sun hau nemansa, ga la'asar ta wuce, shiru. Ka zo, Auta. Ni kaɗai ba zan iya tsare shi ba, kuma ba na son a tsamo min shi daga tankin nan.

Ɗazu ina zaune famfon ya yi ƙara. Bugunsa ne, na san hannunsa. Har na miƙe zan ɗauko bokiti kafin na tuna an yanke bututun.

Ka gaida matarka, ka ce wa takwarata tana raina. Tsaya, ana bugu. Wannan karon ƙofa ce, kuma babanka ba ya buga ƙofar gidansa. Bari in