Kunun da Ba a Fara Sha da Bakin Mai Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa da ban girma, daga 'yarki da ke koyar da yara a Guangzhou. Shekara huɗu ke nan da kika tafi wurin Ubangiji, ban daina ba ki labari ba.

Kin tuna safiyar Kirsimeti a Wusasa? Randar kunun zaƙi a zaure, ƙamshin citta da kanumfari har bakin titi. Ana tasowa daga sujada sai gida-gida, mu shiga mu sha na wasu, su shigo su sha namu. Malam Audu mai shayi ma ba ya wucewa.

Dokarki ɗaya ce: “Kunun Kirsimeti ba a fara shan sa da bakin mai gida.” Ko maƙogwaronmu ya bushe, sai baƙo ya kurɓa.

Mama, a nan Kirsimeti ranar aiki ce. A benenmu na unguwar Dengfeng kowa na bayan ƙofar ƙarfe, ba mai zuwa sai da waya. Na sha ba ɗalibaina labarin randarki, amma ban gaya musu cewa Kirsimeti uku ina dama kunu yana tsami ina zubarwa ba. Ba wanda ya ƙwanƙwasa, ni kuma na kasa karya dokarki.

Bana wani Alhaji ɗan Maraɗi ya kawo mini gero a jakarsa. Na jiƙa, na markaɗa, na tace kamar yadda kika koya mini. Sai na buɗe ƙofa na tokare ta da takalmi, na zauna.

Wajen la'asar tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, 'yar ƙasar nan, ta leƙo tana nuna ƙofar da faɗa. Ta ɗauka mantuwa na yi. Na miƙa mata kofi da hannu biyu. Ta kurɓa, citta ta sa ta yamutsa fuska, sannan ta sake miƙo kofin.

Sai na zuba nawa. Bai kai naki ba, Mama, ko kusa. Amma na sha, ina kuka, tsohuwa tana bubbuga mini baya.

Ubangiji ya ba ki hutawa cikin salamarsa, ya sa ki a gidan da ba a rufe ƙofa. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rifkatu