Gardamar Ƙofar Masaƙa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba. Na saurari abin da kika ɗauka da rikodar da na aiko, wanda kika kunna mini ta waya, kuma gaskiya raina bai yi daɗi ba. Cewa na yi ki ɗauko mini, daga bakin Baba, labarin ranar da aka buɗe wa ma'aikatan masaƙa wuta lokacin babban yajin aiki. Jaridun wancan zamani sun ce ba wanda ya mutu, waɗanda suka gani da idonsu kuwa sun kusa ƙarewa. Ni abin da na ji shi ne tsofaffi biyu suna cacar baki, fanka tana ƙara, cokali yana dukan kofi. Baba ya ce ƙofar gaba, abokinsa Direba ya ce ƙofar baya. Wa zai kafa hujja da wannan a littafi? Ki goge shi. Ki rufe ɗaki, ki kashe fanka, ki sallami Direba cikin ladabi, ki sake ɗauka. Murya ɗaya nake so.

Ki gaishe mini da Baba.
Yayanki

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in ban da ciwon kan da ka haɗo mini da rikodarka. Na goge, kamar yadda ka ce. Na tari Baba Direba a bakin ƙofa na ce masa yau Baba yana da aiki. Mutumin da tun kafin a haife ni yake zama a kujerar nan ta gindin taga. Ya dube ni, ya miƙo mini ledar lemon da ya riƙo, ya juya. Har yanzu kunyar ba ta sake ni ba.

Na zaunar da Baba, na kashe fanka, gumi ya jiƙa mu sharkaf. Na ce, "Baba, me ya faru ranar?" Ya zuba wa rikoda ido kamar na kawo masa ɗan sanda. Ya ce, "An yi harbi, mun gudu, Allah ya kyauta." Na ce, "Sai kuma me?" Ya ce, "Sai kuma ki kunna mini fanka."

Ka daɗe ba ka zauna da shi ba, shi ya sa. Baba ba ya ba da labari, gyara yake yi. A wancan da ka sa na goge, sai da Direba ya ce Dogo mai rini a ƙofar baya ya faɗi, sannan Baba ya harzuƙa ya jero waɗanda suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, da sashen da kowa yake aiki. Kai kuwa cokali kawai ka ji. Kuma ka sani, mantuwa ta fara kama shi. Jiya da sunan marigayiya Mama ya kira ni.

Ka huta lafiya.
Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum, tare da fatan alheri. Na ga wasiƙarki, kuma ban ga dalilin faɗa ba, aikin tarihi yana da ƙa'ida. Duk da haka na amince Direba ya dawo. Sai dai ki roƙe shi ya riƙa bari Baba ya kai aya kafin ya sa baki.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya.
Yayanki

Yaya,

Gaisuwa da ta'aziyya. Baba Direba ya rasu ranar Talata, ba zai ƙara katse kowa ba.

Kafin wasiƙarka ta iso na je ba shi haƙuri, na tarar da shi a kwance. Ya yi dariya ya ce, "Bakomai, 'yata. Ki dai gaya wa babanki, ƙofar baya ce." Ban isar da saƙon ba sai bayan jana'iza. Baba ya daina magana, abinci ma sai da lallashi. Da na rasa yadda zan yi, na zauna a kujerar gindin taga, na danna rikodarka, na ce, "Baba, ai a ƙofar baya Dogo ya faɗi."

Ya ɗago kai ya ce, "Ƙarya ne. Ke kina ina? A ƙofar gaba, a kan ƙafata, da shuɗin rini a hannunsa." Ya yi ta zuba, ina kuka ina musa masa. Can ya tsaya, ya ce, "Waɗanda aka kwasa a motar ma'aikata zuwa asibiti kuwa, Direba ne ya tuƙa su, shi ya san su." Ya dubi kujerar, ya ga ni ce a kai.

Sunayen nan suna cikin wanda ka sa na goge, Yaya. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina da na bi maganarka.

Yanzu ga damuwata. Ni ban san labarin ba balle in iya yi masa kuskuren da zai tayar da shi, maganar ƙofar baya ita kaɗai gare ni, kuma ta fara daina ci. Kai ne ka tara jaridun da suka ce ba wanda ya mutu. Ka bar aiko mini da ƙa'ida. Ka zo ka zauna a kujerar nan ka karanta masa su a gabansa, tun yana iya ƙaryata ka.

Sai na gan ka.
Auta

Auta,

Salamu alaikum. Allah ya jiƙan Baba Direba, ke kuma ki yafe mini. Ina hanya, jaridun suna cikin jakata. Ki bar fanka a kunne.

Yayanki