Kawu yana roƙona in ɗauki muryarsa, Inna ta yi rantsuwa

Assalamu alaikum admin, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. A saka mini wannan a ɓoye sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika mini ciki na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni malamin firamare ne a Talata Mafara, amma asalinmu wani ƙauye ne a yankin Janbako ta ƙasar Maradun. Ni da wani abokina da zan kira Ishaya muna ɗan taɓa haɗa kiɗa. Shi aikin gwamnati ne ya kawo mahaifinsa garin nan, a coci ya koyi fiyano, ni kuwa ban koyi komai a ko'ina ba, kunne ne kawai da naci. Situdiyon namu, in har ya ci sunan, ɗakin Ishaya ne, mu jingina katifa a ƙofa, mu rataya bargo a taga, sai wata tsohuwar laftof da ba ta karɓar caji sai an tokare wayar da dutse. Muna da guruf na masu irin wannan haukan namu, akwai 'yan Mafara da 'yan Bakura da wasu daga Gusau, kowa ya haɗa abinsa a ɗaki ya turo, a yaba masa ko a yi masa dariya. Mun taɓa ɗaukar ƙarar injin ban-ruwa a fadama muka ɗora mata jita irin ta Buzayen Nijar, wani ɗan Bakura ya ce shi dai abin da ya ji kamar bakanike ne yake gwada babur. Ba mu taɓa samun ko sisi a harkar ba, daɗinta kawai muke ji.

To akwai Kawu, yayan mahaifiyata. Makaɗin noma ne, a zamaninsa ba a yin gayya a yankinmu ba tare da gangarsa ba, yana bin manoma kunya-kunya yana wasa su har sai mutum ya manta da gajiya. Da ɓarayin daji suka tashi ƙauyenmu sai ya dawo wurinmu Mafara, ga tsufa ga idon ya yi rauni, wuni yake a zaure ba ya ce wa kowa komai. Wata rana na dawo daga makaranta na ji yana ɗan rera wani abu a hankali yana buga cinyarsa, na tsaya a bakin ƙofa ina saurare. Na lallashe shi muka kai shi ɗakin Ishaya da gangarsa, ya yi mana waƙa ɗaya. Ishaya ya bi ta da fiyano a hankali irin yadda suke bin waƙar coci, ni kuma na saka mata bugun zamani a ƙasa da ɗan sarewa irin ta fim ɗin Indiya. Da muka saka wa Kawu iyafis a kunne ya ji muryarsa, dariya ya yi har da tari, ya ce ashe yaran zamani ma sun san abin kirki. Tun da ya baro gida ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Ga waɗanda ba su sani ba, waƙar noma suna ce. Za a kira manomi, a kira ubansa, a faɗi inda gonarsa take, a yabi shanun hudarsa, a ce rumbunsa ba a ganin ƙasansa. Wadda Kawu ya yi mana ta wani amininsa ce da zan kira Malam Isa, kuma ya yi masa ita ne tun ina goye. Ni kiɗan nake saurara, ban tsaya na yi tunanin abin da kalmomin suke faɗa ba a irin wannan lokacin da kowa yake ɓoye abin da ya mallaka. Na tura guruf, aka yi ta yabo, wani ya tura wa wani, kafin mu ankara ta shiga hannun masu tura waƙoƙi a memori a kasuwa. Ranar da na ji ta tana tashi daga sifikar wani ɗan kabu-kabu, wallahi kaina ya kumbura, har na kira Ishaya na ce mun zama manya.

Bayan damina ta faɗi aka ɗauke Malam Isa a hanyar gona. Ya daɗe a hannun ɓarayin, sai da iyalinsa suka sayar da gonar nan da ake yabo a waƙar kafin a sako shi, ya dawo ƙafa ɗaya ba ta takuwa sosai. Ban haɗa abin da waƙarmu ba, sai wata ranar Talata da babban ɗansa ya tare ni a kasuwa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce a can daji sun riƙa kunna wa mahaifinsa waƙar a waya, suna cewa ba kai ne mai shanu da rumbun da ba a ganin ƙasansa ba. Mahaifin nasa ya rantse musu cewa tsohuwar waƙa ce, shanun ma an daɗe da kore su, suka ce ƙarya yake, tsohuwar waƙa ba ta zuwa da fiyano. Ɗan ya ce shi bai zo neman komai ba, so yake kawai in sani. Ya juya ya tafi ya bar ni tsaye a layin masu albasa.

Ishaya ya yi ta ba ni baki, wai mutanen nan suna da masu kai musu rahoto a kowane gari, ba sai sun jira waƙarmu ba, kuma an ɗauki mutane da yawa da ba a taɓa yi musu waƙa ba. Ƙila gaskiyarsa ne, amma ni ban iya barci da wannan ƙilan. Mun goge ta a guruf, mun roƙi kowa ya goge, sai dai abin da ya shiga memorin kasuwa ya riga ya fi ƙarfinmu. Na je har inda Malam Isa yake zaune yanzu na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce Allah ne ya ƙaddara, ya tambaye ni lafiyar Kawu, wannan tambayar ita ta sa ni kuka a gabansa.

Da Inna, wato mahaifiyata, ta ji labarin, ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi mini ba tun ina yaro. Ta ce kada wanda ya kuskura ya gaya wa Kawu, yana da hawan jini, in ya ji bakinsa ne ya jawo wa amininsa wannan abu ba zai kwana ba. Sannan ta dube ni ta ce, "In kas sake aza muryatai cikin waya, ban yahe maka ba." Duk wanda ya san nauyin wannan kalma daga bakin uwa ya san inda nake.

Matsalar ita ce Kawu bai san komai ba, kuma jikinsa ya yi nisa, likita ma ya ce mu dai riƙa lallaɓa shi. Tun da ya kwanta ba shi da magana sai ta ɗaukar waƙa. Ya ce mini, "Ɗana, ɗauko na'urar nan taka. Mutanen ga da nika wasawa, wasu sun riga mu, wasu sun watse, gonakkin sun koma daji. In na tahi ba a aje ba, wa ka sanin an yi su?" Na gwada dabara na ce to mu yi amma ban da sunaye, ya ɓata rai ya ce in an ɗebe sunaye mi ya rage, ai sai bugun fata. Ishaya ya ce mu ɗauka mu kulle a laftof kada kowa ya ji sai ƙasa ta lafa, amma ni na ga yadda abu yake fita daga hannun mutum, laftof ana sacewa, ana kai ta gyara, kuma wasu daga cikin waɗanda zai kira suna nan da ransu, 'ya'yansu suna zuwa gona. Ga kuma rantsuwar Inna. Don haka kullum ƙarya nake yi masa, yau in ce an ɗauke wuta, gobe in ce makirfo ta lalace, shi kuma ya ce to Allah ya kawo wutar. Ina jin kunyar kaina, kuma ina jin tsoron ranar da zan dawo daga makaranta in tarar babu wanda zan yi wa ƙaryar.

Jiya da hantsi ina wanke babur a tsakar gida na ji shi a ɗaki yana bitar waƙoƙin shi kaɗai, wai don kada su ɓace masa kafin wuta ta zo. Ya kira wani manomi, ya zo kan sunan uban mutumin sai ya tsaya, ya sake dawowa ya sake tsayawa. Inna tana bakin murhu, ita da ta hana a ɗauka, ba ta ko juyo ba ta faɗa masa sunan. Ya ce yauwa, ya ci gaba. Ita kuma ta bar tukunya a wuta ta shige ɗakinta, na daɗe ina jin shesshekarta.

'Yan uwa ya zan yi? In ɗauka a ɓoye in saɓa wa mahaifiyata, in kuma ajiye abin da zai iya cutar da wasu? In gaya wa Kawu gaskiya, alhali an ce ba zai iya ɗauka ba? Ko in ci gaba da ce masa babu wuta har ya tafi da mutanensa a baki? Malamai da iyaye da ke cikin guruf ɗin nan, ku dubi Allah ku amsa mini da wuri, don yau da safe ma sai da ya tambaye ni.